Famfon Masu Jego

A hanyar Zungur, in ka bar gidajen Bauchi na ƙarshe a bayanka, akwai wani ƙaramin kamfani mai doguwar katanga da ke dafa danƙon fenti. Ba fentin kansa suke yi ba. Danƙon da ke sa fenti ya kama jikin ƙarfe da katako suke dafawa, su ɗura a durom-durom a kai wa masu fenti a Kano da Jos. Mai kamfanin Alhaji Babayo ne, mutumin da ya sayar da shanun gadonsa ya sayi ƙarafa, abin da har yau 'yan'uwansa na ruga ba su gama yafe masa ba. Injiniyan kamfanin kuma ɗan ƙanwarsa ne, Mahfuz, wanda Alhajin ya riƙe tun yana ƙarami, ya ɗauki nauyin karatunsa har ya gama jami'a. Saboda haka duk gardamar da za su yi a kan aiki, in ta yi nisa, a "To, Kawu" take ƙarewa.

Dafa danƙon nan ba dahuwar tuwo ba ce. Man waken suya ake zubawa a wata tukunyar ƙarfe da ta fi tsayin mutum biyu, a haɗa shi da wasu sinadarai, a kai shi zafin da ya ninka na tafasar ruwa fiye da sau biyu. Ba a hura mata wuta a gindi, don danƙon zai ƙone. Riga aka yi mata ta ƙarfe, a tsakanin tukunya da rigar kuma wani mai na musamman ke zagayawa. A tanderu ake gasa man da baƙin mai, ya zo ya ba tukunya zafinsa, ya koma a sake gasa shi. Sau biyu a kowace dahuwa sai an sauke zafin da gaggawa, da safe in za a ƙara sinadari na biyu, da yamma kuma in danƙo ya nuna. A nan ne ake sakin ruwan bohol ya bi ta wasu siraran bututai a cikin man, ya kwashe zafin, ya fito yana tururi.

Ruwan nan tas yake, ba ya haɗuwa da sinadari ko ɗaya. Da can a kwata ake sakinsa, har ranar da ya saluɓe wa akuyar wani ƙafafu aka yi ta shari'a a gaban mai unguwa. Lokacin Mahfuz bai daɗe da fara aiki ba. Don a huta da rigima ya ja bututu ya huda katangar baya, ya sa masa kan famfo, ya zuba siminti a ƙasa. Bai yi don kowa ba, tsakani da Allah. Amma a bayan katangar akwai unguwar manoma, kuma ba a yi mako ba matan unguwar suka gane cewa Allah ya kawo musu tafasasshen ruwa kyauta safe da yamma, daidai lokacin wankan jego.

Wanda bai taɓa sayen itacen jego ba ba zai san girman abin ba. Kwana arba'in mace na wanka da ruwan da ya tafasa, safe da yamma, kuma ba ɗan kofi ake dafawa ba, rabin durom ne. Inna Habibatu, ungozomar unguwar, tsohuwa ce 'yar siririya mai murya kamar ta namiji, ita ta kama ragamar famfon ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Dokarta ɗaya ce: bokitin mai jego ne a gaba. Sai ya cika masu turara shinkafa da masu fige kaji da masu wanki su matso. Shekaru aka yi a haka, har mutanen unguwar suka manta cewa akwai lokacin da ba famfon.

Sai mai ya yi tsadar da kowa ya sani. Alhaji Babayo ya rage ma'aikata, ya sayar da motar ɗaukar kaya, ya daina shan shayi da madara a ofis, duk bai tsayar da abin ba. Wata rana ya kira Mahfuz ya ce masa ko dai karatun da aka yi masa ya yi rana yanzu, ko kuwa kafin kaka su sa wa ƙofa kwaɗo kowa ya kama gabansa.

Mahfuz ya zauna ya yi aikin da aka koya masa. Ya zana kamfanin a farar takarda, ya zagaye shi da layi, kamar yadda malamansa suka nuna masa: duk zafin da ya shigo ta layin nan an saye shi, duk wanda ya fita ta layin asara ce. Kibiya mafi kauri da ta fita ita ce ta katangar baya. Ba wai bai san inda kibiyar ke zuwa ba. Kullum da safe in ya sauka daga keke yana jin hayaniyar matan da ƙarar bokitai. Amma a takarda ba a jin ƙarar bokiti, kuma shi a lokacin dabarar da ta faɗo masa ce ta cika masa kai. Maimakon ruwan bohol ya kwashe zafin ya tafi da shi, sai a bi da man mai zafi ta cikin wani tanki da aka naɗe da audugar gilashi, wanda man waken dahuwar gobe ke jira a ciki. Dahuwar yau ta huce, ta gobe ta ɗumama, tanderu ya huta. Hatta zafin hayaƙin da ke fita ta dogon bututu bai bari ba, ya juyo da shi ya riƙa ɗumama iskar da ke shiga tanderun. Zane ne mai kyau, duk wanda ya san aikin zai faɗa.

Ranar da ya nuna wa kawunsa, sai da ya ja shi har bayan kamfani, ya nuna masa wata mata da ta ɗauko bokiti yana tururi a kanta.

"Kawu, ka ga wancan bokitin? Ba ruwa ba ne a ciki. Baƙin manka ne. Duk bokitin da ya fita katangar nan, kai ka ƙona mai ka dafa shi."

Alhaji Babayo ya bi matar da kallo har ta sha kwana. Washegari ya sayar da sauran filinsa na Gwallameji aka fara walda.

Aiki ya kusa ƙarewa, damina ta yi tsakiya, sai ga Ɗanlarai, wani manomi daga bayan katanga, ya zo bakin ƙofa da goro a ƙulle a ganye. Matarsa Zinariya ta sauka, namiji, kuma Inna Habibatu ta ce lallai a gayyaci Injiniya suna. Mahfuz ya karɓi goron ya yi barka. Bayan mutumin ya tafi ne ya tsaya da ƙullin a hannu yana lissafi. Wankan Zinariya ko mako bai yi ba, shi kuwa saura ƙiris ya juya bawul, makunnin da zai raba famfon da ruwan zafi.

Ya yanke shawara zai je sunan ya gaya musu da bakinsa, su nemi itace tun da wuri. Har kalmomin ya tsara a keke. Da sassafe ya isa, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Ɗanlarai, ƙasa da danshi, dattawa sun duƙunƙune a mayafansu. Suna ganinsa aka matsa masa wuri kusa da liman, wurin da bai dace da shekarunsa ba. Aka raba goro, liman ya sunkuya Ɗanlarai ya raɗa masa a kunne, aka yi addu'a aka shafa. Sai mai shela ya miƙe ya ɗaga murya.

"Sunan yaro Mahfuz. Allah ya raya Mahfuz."

Daga cikin gida guɗa ta tashi. Kowa ya juyo yana miƙa masa hannu, ana ce masa ya yi takwara. Ɗanlarai ya durƙusa a gefensa yana murmushi, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Injiniya, haihuwarta ta farko sai da na sayar da tunkiyata na sayi itace, bai ma kai ta arba'in ba. Ta biyu kuwa, da wannan, bokiti kawai nake ɗauka in zagaya. Na rasa abin da zan saka maka da shi, shi ne na ce bari in ba ka yaron."

"Allah ya raya shi," in ji Mahfuz.

Inna Habibatu ta fito zaure da jaririn a naɗe cikin zani ta ɗora masa a hannu. Yaron ba nauyi, fuskarsa a yamutse, yana barci abinsa. Tsohuwar ta ce ya tofa masa albarka ko ya yi ƙwaƙwalwa irin tasa. Mahfuz ya tofa. Ya sha kunun da aka kawo masa, ya yi sallama ya tafi, kalmomin da ya tsara a keke suna nan a bakinsa.

Kai tsaye ofishin kawunsa ya nufa. Alhaji Babayo yana da kujera mai juyawa, amma a tabarma yake zama, butarsa a gefe. Mahfuz ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya gaya masa abin da ya faru.

"Kawu, alfarma nake roƙo. A jinkirta juya bawul ɗin har ta yi arba'in."

Alhajin ya tashi ya zura takalminsa, ya yi masa alama ya biyo shi. Suka je gindin tankin baƙin mai. Tsohon ya dunƙule hannu ya ƙwanƙwasa ƙarfen daidai kafaɗarsa, ya amsa da ƙarar wofi. Ya ƙwanƙwasa daidai ƙugunsa, haka. Sai da ya sunkuya kusa da gwiwarsa sannan ƙarar ta mutu.

"Ka ji da kunnenka. Da tsohon tsari wannan ba zai kai mu ƙarshen wata ba, kuma ba ni da abin kiran wata tanka sai an sayar da kaya. Da naka tsarin ka ce zai kai. Ko ba haka ka ce ba?"

"Haka na ce, Kawu."

"Kada ka ɗauka ban san jego ba. Lokacin da uwarka ta haife ka, ni na sara mata itacen wanka da hannuna, a dajin da yanzu ya zama gidaje. Na sani sarai. Amma kai ka tsayar da ni a bayan can ka ce min bokitin nan baƙin maina ne. Tun ranar ban ƙara ganin ruwa a bokitin ba." Ya miƙe yana dafa bayansa. "In na rufe kamfanin nan, famfon zai yi zafi?"

"A'a."

"To?"

"To, Kawu."

Da a ce tsohon mugu ne, da Mahfuz ya sami wanda zai ji haushi, da ya ji sauƙi. Kwanakin da suka biyo baya ya yi su yana neman kafa a cikin zanensa. Ya ce bari ya ɗebi zafi daga hayaƙi, ya tarar ya riga ya ba iskar tanderu. Ya ce bari ya bar ɗan ruwa kaɗan ya bi ta tsohuwar hanya, ko na mace ɗaya, ya lissafa ya ga duk abin da ya ba famfo sai tanderu ya biya shi da man da babu. Ya yi tunanin tankin da rana ke ɗumamawa, ya ɗaga kai ya ga hadari, ya kuma tuna ba kuɗin sayen tankin. Kowace kafa ya nufa sai ya tarar shi da kansa ya toshe ta, kuma ya toshe ta da kyau.

Matarsa Salma ma'aikaciyar jinya ce. Da ta ga ya daina cin abincin kirki ta matsa masa ya faɗa mata, sai ta ce in don wannan ne ya kwantar da hankalinsa.

"Mu a asibiti kullum faɗa muke yi da su a kan ruwan nan. Zafin ya yi yawa, ga kunun kanwa, ga kwanciya kusa da wuta. Mai ɗumi ya ishe ta. Wataƙila ma alheri ka yi musu."

Ya riƙe maganar nan da hannu biyu, don ba shi da wata.

Ranar juyawa Irmiya mai walda ya tsaya da wutarsa a gaban tsohon bututun ruwan, wanda za a rage shi ya zama ɗan siriri na ƙarasa hucewa kawai.

"Oga, mu yanka shi ko mu bar shi?"

"Yanke," in ji Mahfuz.

Abin ya yi aiki fiye da yadda ya zata. Man waken ya shiga tukunya da zafinsa, allurar ma'auni ta haura ba tare da tanderu ya yi rurin da ya saba ba. Ma'aikatan da suka yi watanni suna kwana da fargabar sallama suka taru suna kallon allurar suna dariya. Alhaji Babayo ya dafa kan Mahfuz a gaban kowa, abin da rabonsa da yi tun Mahfuz yana yaro, ya ce Allah ya yi masa albarka, shanunsa ba su tafi a banza ba. Kuma kada a yi ƙarya, Mahfuz ya ji daɗi. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya manta da bayan katanga na ɗan lokaci.

Da yamma maigadi ya zo ya ce wata tsohuwa na sallama da shi a ƙofa. Inna Habibatu ce, ta zagayo doguwar katangar nan da bokiti a ka. Ta sauke shi a gabansa tana haki.

"Injiniya, famfonka ya lalace. Na ce bari in kawo maka ka gani da idonka, kada a ce tsohuwa ta cika ƙorafi. Sa hannu."

Ya sa. Ruwan da ɗan ɗumi, irin wanda rana ta doka a randa.

"Tun safe haka yake zuwa, kuma ɗis-ɗis. Yarinyar nan yau ba ta yi wankan kirki ba. Na ce musu kada kowa ya damu, mai abin yana nan, in ya ji zai gyara."

"Inna," ya ce, idonsa a kan bokitin, "bai lalace ba. Mun canza aikin ne. Zafin da ke fitowa da can, yanzu muna mayar da shi cikin tukunya."

"Yaushe za ku gama mayarwa?"

"Ba za mu gama ba. Haka zai zauna."

Ta dube shi ta daɗe. Ba ta yi faɗa ba, ita da ake jin muryarta daga bakin titi in wata ta tsallake layi.

"Ranar suna ka sani?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai kawai. Sai Mahfuz ya jawo maganar Salma, yana jin kansa yana faɗarta kamar mai karanta sanarwa. Ya ce likitoci ma sun ce ruwa mai ɗumi ya isa, zafin da ya yi yawa yana iya cutar da mai jego.

"Na ji suna faɗa a rediyo," in ji Inna. "Da ina da 'ya, Hafiza, ita ce 'yar farina. Shekarar da ta haihu aka hana shiga daji, itace ya gagara, na riƙa yi mata da mai ɗumi. Ba ta kai arba'in ba ta kumbura, ƙafa, fuska, ko numfashi ba ta iya yi. Sanyi ya shige ta. Ni na wanke gawarta." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Likita ya faɗi nasa. Ni dai ba za a ƙara yi wa wata da mai ɗumi a hannuna ba."

Mahfuz yana da abin da zai ce a kan kumburin nan, Salma ta sha yi masa bayani cewa ba sanyi ke kawo shi ba. Ya dubi fuskar tsohuwar ya ga ba shi da bakin faɗa, kuma ko ya faɗa gobe da asuba sai an dafa ruwan.

"To wa zan gani?" ta tambaya. "Alhaji?"

"Ko kin gan shi, Inna, ba abin da zai iya. In bai yi haka ba rufewa zai yi."

"Wane ne a samansa?"

"Ba kowa."

Ta sunkuya za ta ɗauki bokitin, ya yi sauri zai taya ta, ta ce ya bari. Ba ta zubar da ruwan ba. Ta ɗora shi a ka ta koma da shi ta hanyar da ta zo.

Abu ɗaya ya rage da yake ganin zai iya. Da aka yi albashi ya tafi wajen masu itace ya zaɓi busasshe na cikin rumfa, wanda a damina sai mai hali. Ya zauna ya lissafa rabin durom sau biyu a rana, har zuwa ranar da Zinariya za ta yi arba'in, ya ƙara kaɗan a kai don kada a yi ƙaranci. Ya ɗauki shatar a-kori-kura aka loda. Salma ta ga abin da ya rage na cefanen wata, ta dube shi.

Da hantsi suka shiga unguwar. Tun daga nesa ya ga abin da bai taɓa gani a nan ba: hayaƙi fari mai kauri yana tashi daga gidaje nan da can, ya kwanta a kan rufin kwano ya ƙi tafiya. A ƙofar gidan Ɗanlarai an kafa duwatsu uku an ɗora rabin durom, an cusa masa ɗanyen reshen bishiyar maina da jiƙaƙƙen kara. Itacen na tsiyayar ruwa yana kuka, wutar na lasar gefen durom tana tafiya iska. Idon injiniya ba ya hutu. Yana tsaye ya ga cewa kafin ruwan nan ya tafasa sai an ƙona zafin da ya ninka abin da ruwan ke bukata sau da yawa, sauran duk na sama ne. Zafin da ya hana fita ta katanga, ga shi ana sake nemansa a nan ta hanya mafi tsada, a gidajen da suka fi kowa rashi. Da ya ja layinsa ya haɗo da gidajen nan, da wani lissafi ya samu. Amma ba wanda ke biyan injiniya ya ja layi ta bayan gidan Ɗanlarai.

Ɗanlarai yana gona. Inna Habibatu ce ta taso daga bakin murhun, idanunta jawur suna hawaye don hayaƙi. Ta tsaya tana kallo ana sauke itacen har aka gama. Ta yi godiya sosai, ta yi masa addu'a, ta yi wa iyayensa. Sannan ta sunkuya ta fara jan itacen tana ware shi, wannan nan, wannan can, har ya zama tsibi uku.

"Inna, na Zinariya ne," in ji Mahfuz. "Na lissafa shi daidai, zai kai ta arba'in."

"Ni'ima ta gidan liman ta sauka shekaranjiya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Matar Job mai gyaran keke kuma jiya, tagwaye. Mijin ko wurin kwana da ƙyar. In dafa wa ɗaya, biyu suna shaƙar hayaƙin?"

"Ban san da su ba."

"Ina za ka sani. Da can, bokitansu kawai za ka gani a layi."

Ta ɗauko wani guntu daga tsibin farko ta auna shi a hannu ta mayar na uku. Ya tsaya yana kallon lissafinsa ana raba shi, ba shi da hujjar hanawa. Daga cikin gida jaririn ya fara kuka, wata mata tana rarrashinsa tana kiran sunansa, sunan Mahfuz.

"Yanzu zai kai yaushe?" ya tambaya.

Tsohuwar ta miƙe ta dubi tsibin uku, ta dubi sama.

"In ruwa bai taɓa shi ba, Juma'a ta sama."

Ba ta roƙe shi komai ba. Ta tsaya dai tana dubansa da jajayen idanun nan, tana jira. Mahfuz ya san abin da ya rage a gidansa, ya san wata bai ko raba ba, ya san kuma a unguwa irin wannan ba a daina haihuwa.

"Zan zo Juma'ar," ya ce.

"Allah ya kai mu," in ji Inna Habibatu. Ta ɗauki itace biyu daga rabon Zinariya ta koma bakin murhu.